Daga Kano Zuwa Soba: Tsohuwar Hanyar Alhazan Ƙasa Da Zangunan Da Ta Bari

Da wuya a sami tsohon gida a Kano, Katsina, Sakkwato, Maraɗi ko Damagaram da ba shi da labarin wani kaka ko wata goggo da suka "tafi Gabas". Wasu sun dawo bayan shekaru masu yawa da rawani da tasbaha da sunan Alhaji, aka tarye su tun daga bayan gari. Wasu kuwa sai dai labari, wai wani matafiyi ya gan su a bakin Kogin Nilu suna noma, sun yi aure, sun hayayyafa, suna jiran Allah Ya hore musu guzurin ƙarasawa Makka. Har iyayensu suka kwanta dama ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

Hanyar da waɗannan bayin Allah suka bi tana nan ba ta ɓace ba. Ita ce dai wadda motocin kaya ke bi daga Maiduguri zuwa Gamborun Ngala, su tsallaka Fotokol da Kusuri su shiga Njamena. Ɗan kasuwar kan iyaka ya san ta farin sani, amma galibi iyakar inda kayansa ke sauka. Gaba da nan ta ratsa ƙasar Chadi baki ɗaya, ta shiga Darfur da Kordofan, ta kai ga mahaɗar Nilu biyu a Khartum da Omdurman, sannan ta gangara bakin Bahar Maliya. Daga Kano zuwa Khartum a miƙe kusan kilomita 2,600 ne, kuma kakanninmu sun ci wannan nisa da ƙafa da jaki. A gefen ƙarshen hanyar akwai wani kufai mai suna Soba, wanda labarinsa ya shafi duk mai cin abinci da hanya.

Yadda Ake Tafiyar

Alhazan ƙasa sun gaji tsarin tafiyarsu ne daga fatake. Ayari yana da madugu mai yanke shawara da biyan fito da kuɗin ƙasa, da jagaba wanda ya san hanya da rijiyoyi, sai kuma masu kula da baya domin kada wani rarrauna ko jakin da ya gaji su ɓace. Ana ɗaura kaya da asuba, a yi ta tafiya har rana ta take, sannan a sauka. Nisan zango shi ne abin da jaki mai kaya da mace mai goyo za su iya ci a wannan tsakani. Akan tashi ne bayan an gama girbi, lokacin da hatsi ke araha kuma hanya ta bushe. Da damina ta faɗi kuwa tafiya ta tsaya, musamman a baƙar lakar da ke tsakanin Dikwa da Kusuri, inda ko jaki ba ya iya cire ƙafa.

Mafi yawansu talakawa ne, ba su bar gida da kuɗin da zai kai su Jidda ba. Sana'a ce guzurinsu. Wanzami yana tafe da zabirarsa, baduku da wuƙarsa, mahauci da tsinken tsirensa, malami da allo da tawada. Mata na dakan fura da suyar ƙosai. Mai ɗan jari kan ɗauko goro ko baƙin Kura ko jan fata, ya sayar a gaba ya sayi abin da ake nema a gari na gaba. Idan guzuri ya ƙare sai a nemi gona a yi damina guda ko biyu, a sayar da amfanin a ƙara gaba. Shi ya sa tafiyar da jirgin sama ke yi yau cikin sa'o'i kaɗan take cin shekaru, har yaron da aka haifa a Borno ya isa Makka da wayonsa.

Abin da ya riƙe wannan tafiya shi ne zango. A kusan kowane babban gari akwai unguwar Hausawa a gefe, da sarkinta ko shehinta, da masallaci, da fatoma mai saukar da baƙi. Fatoma ne ke ajiye wa baƙo kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa a gaban hukuma, ya kuma gaya masa gidan wa zai sauka a gari na gaba. A zamanin Turawa matafiyi kan canza kuɗi aƙalla sau biyu: ya bar sulallan Ingilishi ya karɓi faran na Faransa a Chadi, sannan ya koma fam ɗin Masar wanda Sudan ta yi amfani da shi har 1957. Duk wannan a hannun mutanen zango ake yin sa, bisa amana, ba takarda ba sa hannu.

Zango-Zango Har Bakin Nilu

Wanda ya baro Kano yakan bi ta Borno ya tsallaka Kogin Shari a Kusuri, ya shiga garin da Faransawa suka kira Fort Lami, wato Njamena ta yanzu. Daga nan sai doguwar tafiya ta fiye da kilomita 700 ta Ati da Umm Hajar zuwa Abeshe, babban birnin daular Wadai, wanda Faransawa suka kama a 1909. Abeshe babban zango ne, nan ake hutawa a sake shiri, domin gaba kaɗan sai Adre, ƙofar Sudan, sai Jinaina, garin Sarkin Masalit.

A Darfur hanya ta rabu biyu. Wasu su bi ta arewa zuwa Alfashir, fadar Sarki Ali Dinar wanda Ingilishi suka ci da yaƙi a 1916, wasu su bi ta Zalinje da Niyala. Duk inda aka bi dai sai an haɗu da ƙishirwar Kordofan. A yankin Annuhud mutanen ƙasar kan rarake cikin itatuwan kuka su tara ruwan damina a ciki, su riƙa sha da sayarwa da rani, kuma a wasu wurare kankana ce ke maye gurbin ruwa ga mutum da dabba. Wanda ya tsallake wannan ya isa Al'ubayyid ya ga sauƙi, don gari ne na babbar kasuwar ƙaro, akwai aikin yi, kuma tun 1912 jirgin ƙasa ya iso shi. A 1959 aka kai dogo har Niyala, tafiyar ƙafa ta ƙara raguwa.

Daga Al'ubayyid sai Kosti a bakin Farin Nilu, sai Sinnar a bakin Shuɗin Nilu. Nan ma hanya ta sake rabuwa. Masu gaggawa su miƙe ta Gadarif da Kasala, masu neman aiki ko takarda su bi gaɓar kogi zuwa arewa ta Wad Madani har Khartum. Ƙarshen tafiyar ƙasa shi ne Sawakin, tsohuwar tashar jiragen ruwa mai gine-ginen dutsen teku, inda ake tsare alhazai a duba lafiyarsu kafin su tsallaka Jidda. Waɗanda ba su da takardu ko kuɗin babban jirgi kan shiga ƙananan jiragen katako da dare, kuma da yawa teku ta ci.

Mai Wurno: Zangon Da Ya Zama Gari

Tun zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo akwai magana a bakin jama'a cewa wata rana al'umma za ta yi hijira zuwa Gabas ta tarye Mahadi. Da Muhammad Ahmad ya bayyana a Sudan ya kama Khartum a watan Janairun 1885, wasu daga ƙasar Hausa sun karkata gare shi, cikinsu har da Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Amma babbar ƙaura ta zo ne a 1903. A watan Maris na shekarar Turawa suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya fita da niyyar hijira, jama'a suka yi ta barin gonaki da kasuwanni suna bin sa. A watan Yuli aka yi yaƙin Burmi, a cikin Jihar Gombe ta yanzu, inda ya yi shahada tare da ɗimbin mutanensa.

Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake wa laƙabi da Mai Wurno, shi ya ja ragowar jama'a suka ci gaba. Bayan tafiya ta shekaru sun sauka kudu da Sinnar kaɗan, a bakin Shuɗin Nilu, suka kafa garin da har yau ke ɗauke da sunansa, kuma zuriyarsa ce ta ci gaba da riƙe sarautar. Mai Wurno ya zama masauki ga duk wanda ya fito daga Yamma, kuma daga cikinsa aka yi ta fita ana kafa sababbin ƙauyuka a gaɓar kogin.

Sai kuma aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe gonakin auduga na Jazira tsakanin Nilu biyu. Aikin na bukatar hannu da yawa wajen shuka da cira da tsinkar auduga, alhazai kuma na bukatar kuɗi. Dubbai suka tsaya da niyyar yin kaka ɗaya ko biyu, suka ƙare da gina gidaje. Haka ma a gonakin dawa da riɗi na Gadarif. Wani masani, Bawa Yamba, da ya zauna da su a yankin Jazira ya wallafa littafi a kansu a 1995, inda ya nuna cewa har jikoki da tattaɓa-kunnen da aka haifa a can suna ɗaukar kansu matafiya ne da ke kan hanyar Makka. Mutanen Sudan na kiran su Fallata ko Takarir, kuma daga wannan tushe ne kalmar "takari" da muka sani ta fito.

Soba: Birnin Da Hanya Ta Bari

Wanda ya biyo Shuɗin Nilu daga Wad Madani, a ƙafa ko a jirgin ƙasa, kafin ya shiga Khartum da kimanin kilomita 20 zai wuce Soba. A gaɓar gabas ta kogin akwai wasu tuddai na ƙasa da fasassun jan bulo. Alhazan da suka wuce ta wurin a ƙarnin da ya gabata kufai suka tarar, amma a da nan ne babban birnin daular Alwa, ɗaya daga cikin daulolin Nubiya. Sarkinta ya karɓi addinin Kirista a shekara ta 580, kuma birnin ya yi ƙarfi sosai tsakanin ƙarni na 9 da na 12.

Wani jakada daga Masar mai suna Ibn Sulaim Al'aswani, wanda ya ziyarci ƙasar a ƙarni na 10, ya ba da labarin Soba da kyawawan gine-gine da manyan gidaje da lambuna da majami'u masu ado da zinari. Abin da zai fi jan hankalin ɗan kasuwa a bayaninsa shi ne cewa birnin na da unguwa ta musamman inda Musulmi ke zaune. Wato shekara dubu da suka wuce, a wannan wuri, sarkin da ba Musulmi ba ya ware wa baƙi Musulmi wurin sauka, abin da mu za mu kira zango. Masu haƙar kayan tarihi, daga Peter Shinnie a farkon shekarun 1950 zuwa Derek Welsby daga 1981, sun tono harsashin manyan majami'u da wani gini mai kama da fada, sun kuma sami gilasai da tangaran da aka kawo daga ƙasashen waje, har da na ƙasar Sin. An ƙiyasta faɗin birnin da kimanin hekta 275. Wannan arziki kuwa daga kogi da hanya ya zo, don Soba na zaune ne inda hanyoyin Masar da Habasha da Bahar Maliya da yamma ke haɗuwa.

Daga baya abubuwa suka juya. Daular ta raunana, ciniki ya ja baya, har aka zo 1504, shekarar da tarihin Sudan ke dangantawa da faɗuwar Soba da kafuwar daular Funj a Sinnar ƙarƙashin Amara Dunƙas. Sarauta ta koma Sinnar, ayari ya bi ta. Wani matafiyi, Dawud Rubeni, da ya ratsa wurin a 1523 ya same shi a rushe. Mutanen Sudan na da tatsuniyar wata tsohuwa Ajuba wadda suka ce makircinta ne ya haɗa manyan gari faɗa har birnin ya watse, kuma har yau idan abu ya lalace ƙarƙaf sukan kwatanta shi da rushewar Soba. Abin da ya ƙarasa shi kuwa shi ne, da Turkawan Masar suka kafa Khartum bayan 1821, sai aka riƙa kwasar bulon Soba ana gina sabon birnin da shi. A zamaninmu kuma gidaje da tituna suka hau wani ɓangare na filin. Yaƙi ya kada garin, amma rashin mai kula ne ya share shi.

Yini Guda A Ƙafa Daga Soba Zuwa Omdurman

Kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023, mai ƙarfin ƙafa da ke son ɗanɗana zangon ƙarshe na kakanni zai iya yin sa a yini guda, tafiyar kimanin kilomita 30. Idan ya yi sallar asuba a Soba ta Gabas ya miƙe arewa, kogi na hagunsa, zai ratsa Umm Dom ya isa Jiraif ta Gabas da hantsi, inda ake buga bulo da lakar kogi ana gasa shi, sana'ar da ta gina Soba kanta. Daga nan ya hau gadar Manshiya ya shiga Khartum ta Burri, ya bi titin bakin Nilu a ƙarƙashin inuwar manyan itatuwa, ya wuce jami'a da fadar shugaban ƙasa, har Mugran, inda ruwan Shuɗin Nilu da na Farin Nilu ke tafiya kafaɗa da kafaɗa kowanne da launinsa kafin su gauraye. Gadar ƙarfe ta 1928 ce za ta tsallakar da shi Omdurman.

Omdurman ita ce garin Mahadi da Halifansa Abdullahi, wanda ya yi mulki daga nan har ranar 2 ga Satumba, 1898, da sojojin Ingila da Masar suka ci shi a Karari. Ga ƙubbar Mahadi, ga gidan Halifa, ga kuma tsohuwar kasuwa mai layin 'yan fata da 'yan turare da maƙeran zinari. Kafin yaƙin, a yamma da gari akwai Kasuwar Libiya, matattarar kayan sari, da kasuwar dabbobi ta Muwailih inda shanu da raƙuman Darfur da Kordofan ke sauka.

Da yamma ta yi, ƙamshin da zai tarye matafiyin ba baƙo ba ne a hancinsa. Tsire ne da ƙuli da yaji, wanda duk Sudan ta sani da sunan "agashe", kalmar Hausa tsantsa da ta shiga Larabcin ƙasar. A gidan rediyon Omdurman kuma, mace ta farko da aka ji muryarta tana waƙa, a 1942, ita ce A'isha Musa Ahmad, wadda aka fi sani da A'isha Alfallatiya. An haife ta a Kasala, iyayenta kuwa daga ƙasar Sakkwato suka fito a kan hanyar hajji. Ta rasu a 1974. A kudancin Khartum an daɗe ana da unguwar Ishash Fallata, wato bukkokin Fallata, masaukin duk wani baƙo daga Nijeriya ko Nijar, kafin hukuma ta tashe ta a shekarun 1990 ta mayar da mutanenta unguwar Ingaz.

Zaman bai kasance da daɗi kullum ba. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa kakanninsa na Sudan tun kafin ƙarshen 1897, sharaɗin da ya bar mafi yawan Hausawa a waje, ko da an haife su a can. An sassauta dokar daga baya, amma gorin baƙunta bai mutu ba. A watan Yulin 2022 rikicin fili da sarauta ya ɓarke tsakanin Hausawa da maƙwabtansu a Jihar Shuɗin Nilu, aka kashe fiye da mutum 100, Hausawa suka fito zanga-zanga a Khartum da Kasala da Gadarif da wasu garuruwa. A watan Oktoba rikicin ya sake tashi a Wad Almahi da asarar rayukan da ta fi ta farko.

Yadda Hanyar Ta Mutu

Mota ce ta fara rage wa zanguna ciniki. A 1948 wasu attajiran Kano, cikinsu har da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazan Afirka ta Yamma, wadda ake taƙaita sunanta da WAPA, suka riƙa kai alhazai Sudan a manyan motoci. Daga sunan ne unguwar Wapa ta Fagge, cibiyar 'yan canji, ta samo nata. Tafiyar shekaru ta koma ta watanni. Sai jirgin sama ya shigo a shekarun 1950, gwamnati ta karɓi ragamar aikin hajji, ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 1975, Saudiyya kuma ta tsaurara sharuɗɗan biza. Duk da haka wani Bature masanin ƙasa, J. S. Birks, wanda littafinsa kan wannan hanya ya fito a 1978, ya tarar da talakawa na bin ta har a shekarun 1970.

Abin da mota da jirgi suka rage, bindiga ta ƙarasa. Rikicin Darfur ya tashi a 2003. A watan Mayun 2014 Boko Haram suka afka wa Gamborun Ngala, suka kashe ɗaruruwan mutane, suka ƙona kasuwa, hanyar Dikwa ta daɗe a rufe. Ranar 15 ga Afrilu, 2023, yaƙi ya ɓarke a Khartum tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF. Dubban ɗaliban Nijeriya, da yawansu daga Jami'ar Afirka ta Duniya, aka kwashe a motoci zuwa iyakar Masar da Bur Sudan. A Jinaina an yi kisan gilla a shekarar, dubban ɗaruruwa suka tsere zuwa Adre, wato suka biyo hanyar alhazai a juye. Wad Madani ta faɗa hannun RSF a Disambar 2023, sojoji suka ƙwato ta a Janairun 2025, suka ƙwato Khartum a watan Maris. Yaƙin ya kai yankin Sinnar a 2024, Alfashir kuma ta faɗi a Oktoban 2025 bayan doguwar ƙawanya. Kusan duk sunan da muka lissafa a matsayin zango ya fito a labaran yaƙi. Kada wani dillali ya ruɗi kowa da cewa zai kai shi Umara ko aiki a Saudiyya ta wannan hanya a araha. Inda aka yi yaƙi, ko bayan an daina harbi, akwai nakiyoyi da harsasan da ba su fashe ba.

Abin Da Japanawa Suka Yi Da Tasu

Ba mu kaɗai ke da tsohuwar hanya mai zanguna ba. A Japan akwai Nakasendo, mai tsawon kusan kilomita 534, wadda ta haɗa Edo, wato Tokiyo ta yanzu, da Kiyoto ta cikin duwatsu. A zamanin mulkin Edo, daga 1603 zuwa 1868, tana da zango 69, kowanne da masaukin manya da na talakawa da wurin canza dawaki da 'yan dako. Da jirgin ƙasa ya zo ya kauce wa wasu daga cikinsu, sai suka shiga halin da Soba ta shiga, matasa suka watse, gidaje suka fara zubewa.

Mutanen wani zango mai suna Sumago suka ƙi yarda. Daga 1968 suka fara gyara tsofaffin gidajensu na katako, suka yi alkawari a tsakaninsu cewa ba za a sayar ba, ba za a ba da haya ba, ba za a rushe ba. Suka kawar da wayoyin lantarki daga babban titi, suka hana mota shiga da rana. Yanzu baƙi daga ko'ina a duniya na zuwa su taka kilomita 8 da ke tsakanin Magome da Sumago, su kwana a tsofaffin masaukai, su ci abinci, su sayi kayan hannu. Hanyar da ta daina kawo fatake ta koma kawo masu yawon buɗe ido, jikokin fatoma suka ci gaba da cin abinci a ƙofar gidan kakansu.

Abin Da Ke Hannunmu

Babu mai cewa a tashi a taka daga Kano zuwa Sawakin a wannan hali. Amma akwai abin da ba ya jiran a gama yaƙi. Zangunan hanyarmu ba su da gine-ginen da za a yi wa fenti kamar na Japan, domin da laka da kara aka yi su. Dukiyarsu na cikin kan tsofaffi: sunan madugu, sunan fatoman Abeshe, rijiyar da aka binne wani yaro kusa da ita, ƙauyen Jazira da aka bar wani ƙane. Alhazan da suka yi wannan tafiya da ƙafa ko a bayan mota sun kusa ƙarewa. Duk wanda ke da irinsu a gida ko a unguwa, wayar da ke aljihunsa ta isa ya zauna da su ya naɗi labarin, ya rubuta sunayen garuruwa da na dangi, ya ba 'ya'yansa ajiya.

Ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Gamboru da Banki da Jibiya da Illela da Maigatari da Ɗan Isa su ma suna da rawar takawa. Sun fi kowa sanin wanda ya shigo da wanda ya fita. Cikin waɗanda yaƙin Sudan ya koro akwai masu jin Hausa da ba su taɓa ganin ƙasar Hausa ba, abin da suka riƙe kawai shi ne sunan garin kakansu, wani ma sunan unguwa ko na gida. Idan irin wannan baƙo ya sauka a kasuwa yana tambaya, a buɗe masa littafi a ofishin ƙungiya, a rubuta sunansa da asalin da ya ambata, a aika wa sarkin kasuwa ko mai unguwar garin. A ba shi wurin shimfiɗa tabarma da ɗan abin da zai fara juyawa. Haka aka yi wa kakanninmu a Abeshe da Al'ubayyid da Mai Wurno, ba tare da an tambaye su fasfo ba.

Soba ta yi ƙarni da dama tana cin arzikin hanya, yau sai masu haƙa ne ke gaya wa mutanen Khartum abin da ke ƙarƙashin gidajensu. Allah Ya kawo wa Sudan zaman lafiya, Ya buɗe hanya, Ya jiƙan waɗanda suka kwanta a kanta ba su ga Ka'aba ba.